Tsuntsayen Damargu: inda ake samun su da yadda ake gane su

Wanda ya tashi daga Damagaram ya bi hanyar Agadas, zai ratsa Bakin Birji da Sabon Kafi kafin ya kai Tanut. Tafiyar wajen kilomita 150 ce. Wannan ita ce ƙasar Damargu, ƙasar hatsi da kiwo. Babu manyan duwatsu irin na Abzin, amma akwai tuddai masu jan dutse, da faƙo, da kwaruruwa. Yamma da Tanut akwai Gangara da Belbeji, inda kwarin Tarka ya bi. Kowane wuri da irin tsuntsayensa. Manomin da ya san su, ya san mai taimakonsa da mai yi masa ɓarna.

Abu 4 ake dubawa in ana son gane tsuntsu: girmansa, launinsa, bakinsa, da wurin da ya sauka. Da sassafe da marece aka fi ganin su, musamman a bakin tabki ko rijiya.

Cikin gari

Shamuwa ita ce baƙuwar bazara. Bayanta baƙi ne, cikinta fari, ƙafafunta dogaye. Tana isowa wajen watan Mayu, ta yi sheƙa bisa itacen da ke tsakar gari. Zuwanta alama ce damana ta kusa, sai a gyara gona, a tanadi iri. Abincinta fara da tsutsa. Bayan kaka sai ta tafi kudancin Afirka, inda ruwa ke sauka lokacin da nan ake rani.

Cikin gona

A nan masu ɓarna suke, kuma iri biyu ne. Na farko jan baki: ƙarami ne, bakinsa ja, yana tashi garke guda kamar hayaƙi. Na biyu ya fi yawa a arewa: namijin rawaya ne, bayansa ja-ja. Yana sheƙa da ƴan ƙirare bisa itatuwan ƙaya, sheƙa bisa sheƙa. Dukansu suna afka wa hatsi lokacin da ya fara ƙosawa. Wanda ya ga inda suke kwana ko inda suka yi sheƙa, ya gaggauta gaya wa malaman gona tun ƴaƴan ba su tashi ba.

Sai dai ba duk tsuntsun da ya sauka gona ne ɓarawo ba. Cilakowa mai dogon baki lanƙwasasshe tana cin fara. Shirwa ma, ko da tana ɗaukar ƴan tsaki, tana cin fara da ɓera.

Cikin makiyaya

Arewa da Tanut, wajen Tanhiya da Farak, gonaki sun ƙare, sai ciyawa da ƙaya. Balbela fara tana bin shanu da damana, tana tsintar ƙwarin da suka tayar.

Babban tsuntsun wannan daji shi ne tuje. Wuyansa dogo, launinsa kamar na ƙasa, ya fi son tafiya bisa tashi. Babban namiji yana kai kilo 10. Macen tana yin ƙwai 1 ko 2 a ƙasa, da damana. Fara yake ci, da ƙaro. Farauta da mota da kwasar ƙwai sun sa ya yi wuyar gani. Haka aka yi wa jimina har ta ɓace daga dajin. Yau a Kelle, cikin duwatsun Kutus, ana kiwonta don kada irin ya ƙare.

Da sanyi wasu baƙi ke zuwa daga ƙasar Turai, bayan sun ƙetare teku da hamada. Akwai wata babba mai kama da shamuwa, amma fara ce, bakin fiffikenta baƙi, baki da ƙafafu ja. Ita ma fara take bi. Wani lokaci a kan tarar da zobe mai lamba a ƙafar tsuntsun da ya mutu. Masu bincike ne suka sa don sanin hanyarsa. A kai zoben ga ma'aikatan gandun daji.

Bisa duwatsu

Hasbiya da shaho suna son ramukan dutse. Mikiya ma tana sheƙa a gefen dutse mai tsawo, kamar na Kutus da na Tarmit, gabas da Damargu. Ta fi ungulun gari girma, wuyanta dogo, gashinta da zane-zane kamar na zabo. A shekara ta 1973 wata mikiya ta yi karo da jirgin sama bisa Abijan, a tsawon mita 11.300. Daga can sama take hango mushe.

Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza. Makiyayin da dabbarsa ta ɓace ya kan dubi sama, inda suke jewa nan ya nufa. Su ne ke cinye mushe kafin ya ruɓe ya ɓata makiyaya da bakin rijiya. Amma ƙwai 1 tak suke yi a shekara. Ana kashe su don sayar da kawunansu ga masu magani. Gubar da ake sa wa mushe saboda dila ita ma tana kashe su da yawa a wuri guda. Tun 2015 masana na duniya suka sa ungulu da mikiya cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

Abin da ya kamata a yi

Gwamnati ta keɓe gandun Gadabeji tun 1955, yamma da Belbeji, da na Tarmit a 2012. Dokar 1998 ta hana farauta babu izini. Amma ma'aikaci ba ya iya tsare daji duka. Makiyayi da manomi su ne kullum a wurin. Kada a sa guba a mushe. Kada a kwashi ƙwan tuje. A hana yara harbin shamuwa da danƙo. Ranar da fara ta sauka Damargu, kamar a 1988 da 2004, waɗannan tsuntsaye suna cikin masu taya manomi yaƙi, kuma ba su neman lada.