Baƙon Ran Lahadi

A majami'un Fentikos na Sabon Garin Kano, ana gab da tashi daga sujada fasto kan ce duk wanda yau ne zuwansa na farko ya miƙe. Sai a ɗauki waƙar maraba, na kusa su miƙo hannu, a kawo kati ya rubuta suna da lambar waya.

Wasu na cewa neman mabiya ne kawai, kuma ba a rasa hakan. Amma nakan tuna saurayin da ya sauka daga motar Inugu, ba dangi, ba ya jin Hausa. Bayan ya cike katin, ran Laraba wata dattijuwa daga majami'ar ta kira shi: "Ɗana, ka samu ɗaki kuwa?" A wurina, kiran nan ya fi waƙar nauyi.