Tafiya Ingila Neman Ilimin Tsufa

Ranar da na gaya wa Inna, kakata, cewa Ingila zan tafi yin digiri na biyu a kan tsufa, sai ta ajiye carbinta ta ƙare mini kallo. "Tsufa kuma? Ga ni nan zaune, me ka rasa?" Tsakar gida ta kwashe da dariya, har da ni.

Daga Kano na bi ta Abuja na sauka Landan. A tashar Waterloo na hau jirgin ƙasa, bayan awa ɗaya da 'yan mintuna sai ga ni a Southampton, garin bakin tekun da jirgin ruwan Titanic ya tashi a 1912. Ban kai ga jami'a ba aka fara yi mini darasi. A bas ɗin da na shiga, direba ya sassauto da ƙofar motar har ta kusa taɓa ƙasa, wata tsohuwa ta turo ɗan keken da take dogarawa, ta kanga katinta na hawa kyauta, ta zauna. Babu jika, babu suruka, babu ko mai riƙe mata jaka. Na rasa ko tausayinta zan ji ko sha'awa.

A cibiyar binciken tsufa da ke harabar jami'ar ta Highfield, na tarar ajinmu ya tara ma'aikatan jinya, da jami'an walwala, da masu lissafin jama'a. Da ina zaton maganar cuta da magani ce kawai. Ashe har fansho, da fasalin gidaje, da kaɗaici, da ciwon mantuwa, da wahalar 'yar da ta bar aiki don jinyar uba, duk suna ciki.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wani bincike da ake kira ELSA. Tun 2002 ake bin sawun dubban mutanen Ingila masu shekara 50 zuwa sama, ana komawa wurinsu duk shekara biyu. Ana tambayar lafiyarsu da aljihunsu, ana auna saurin tafiyarsu, har ƙarfin damƙar hannu ana gwadawa da wata 'yar na'ura. Haƙurin wannan aiki ya burge ni ƙwarai.

Da aka zo zaɓen abin da kowa zai bincika, na ce tsofaffin unguwarmu. Layin farko a takardar tambayoyi: shekaru. Daren nan na buga wa Inna waya.

"Inna, shekarunki nawa?"

"Kai, ɗan nan! Lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna dai na fara tallan fura."

1956 ke nan. Na ƙara 'yan shekarun wayo, na yi kirdado. Haka tsofaffinmu da yawa suke, shi ya sa a ƙidaya za ka ga jama'a sun cunkushe a 60 da 70, kamar ba a haifi kowa a tsakani ba. To wanda ba a san shekarunsa ba, da wane ma'auni za a tsara masa fansho ko inshorar lafiya?

Hutun farko na dawo da na'urar ɗaukar murya, na shimfiɗa tabarma a ɗakin Inna. Ta ce sai na ajiye goro kafin ta buɗe baki. Na ajiye.