Bakin Yaro Da Kunyar Iyaye

A ƙasarmu kowa ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya wasa da shi a gaban mutane, in kuwa wani ya yabe shi sai su kau da kai kamar ba su ji ba. Akwai kuma wata koyarwa mai tafiya tare da wannan, wato yaron kirki shi ne mai sunkuyar da kai, wanda ba a jin muryarsa sa'ad da manya suke zaune. Cikin waɗannan al'adu aka goye mu, mu biyu, ba mu kuwa raina su ba. Amma Ubangiji ya ba mu 'yar fari mai baki. Saboda haka ya zama mana tilas mu tambayi kanmu: in yaro ya tsaya gaban jama'a ya yi magana ba tsoro, me ya kamata iyaye masu bi su yi da murnar da ta cika zuciyarsu?

Ga yadda tambayar ta same mu. Malamar aji biyu ta ce kowane yaro ya kawo wani abu daga gida, ya yi bayaninsa a gaban iyaye ran da za a rufe makaranta cikin watan Yuli. 'Yarmu, mai shekara 7, ta tafi gonar kakarta a bayan gida ta tumɓuko gindin gyaɗa ɗaya, har da ƙasarsa. Da aka kira ta, sai ta fito ta rusuna, ta ce, "Barkanku da zuwa, iyayenmu da malamanmu." Sa'an nan ta ɗaga gyaɗar sama.

Ta ce, "Wannan daga gonar Kaka take. Furenta rawaya ne, a sama yake fitowa. In furen ya yanƙwane, sai wani ɗan tsinke ya fito a wurin, ya sunkuya ya shiga ƙasa. A bakin tsinken nan ne gyaɗa take yin 'ya'ya, ba a jikin saiwa ba." Ta nuna musu da yatsa. Ta lissafta man gyaɗa, da ƙuliƙuli, da kunun gyaɗa, da harawa don awaki. Wani uba ya ce, "'Yata, wata nawa take yi kafin a cire?" Ta ce, "Baba, wata uku ko huɗu." Ya ce, "To, don me take ɓoye 'ya'yanta a ƙasa?" Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Baba, wannan sai na tambayi Kaka." Aka fashe da dariya, aka yi ta tafi.

Ba za mu ɓoye muku ba, zuciyarmu ta yi fari fat. Ɗayarmu tana share ido da bakin mayafi, ɗayan kuwa yana ta gyara hular da ba ta karkace ba.

A hanyar gida wani dattijo cikin danginmu ya ja mu gefe. Ya ce, "'Ya'yana, ku yi hattara da yarinyar nan. Mace mai ido a tsaye haka, gobe ba ta jin maganar kowa. Kada kuma ku yabe ta, kanta zai kumbura." Muka ce, "Mun ji, Baba." Ba don ƙiyayya ya faɗa ba, maganarsa kuwa tana da nauyi, gama dukanmu mun taɓa ganin yaron da aka sangarta har ya raina na gaba da shi. Da dare, bayan yara sun kwanta, muka buɗe Littafi Mai Tsarki domin mu ga ko ƙarfin hali da ladabi suna iya zama gida ɗaya.

A 2 Sarakuna sura 5 muka sami wata ƙaramar yarinya Ba'isra'iliya, baiwa a gidan Na'aman, shugaban sojojin Suriya, wanda yake da kuturta. Ita ce ta gaya wa uwargijiyarta akwai annabi a Samariya. Da ta bi kunya ta yi shiru, da babban mutumin nan ya mutu da cutarsa. A Luka sura 2 muka ga Yesu yana da shekara 12, zaune a Haikali tsakiyar malamai, yana saurara, yana yi musu tambayoyi. Surar nan kuma ta ce ya koma Nazarat yana biyayya ga iyayensa. Ashe baki da biyayya ba abokan gāba ba ne. A Matiyu sura 3 kuwa, sa'ad da aka yi wa Yesu baftisma a Kogin Urdun, Uba na Sama bai ɓoye farin cikinsa da Ɗansa ba, da murya ya bayyana shi. In haka Ubanmu ya yi, wace kunya za ta hana mu?

Muka kuma tuna ba daga sama ƙarfin halin nan ya faɗo ba. Kowane dare a addu'ar iyali kowa yakan karanta aya ɗaya bi da bi, ko da zai yi ta tuntuɓe a kan kalmomi. Tun 1932 aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wannan kuwa ya sa ƙaramin yaro yana iya karanta Maganar Allah da harshen da ake yi a tsakar gidansu. A Makarantar Lahadi ma takan tashi ta biya ayar hadda. Sai kuma kakarta, wadda take kiranta "kishiyata", ba ta kuwa gajiya da tambayoyinta a gona. Kaka ta shiga firamare a 1976, shekarar da aka fara UPE. Ta ce sau da yawa ta san amsa, amma ba ta taɓa ɗaga hannu ba, don an gaya mata 'ya mace ba ta ɗaga murya. Ta ce ba ta so kishiyarta ta gāji wannan shirun.

Ya ku 'yan'uwa, wannan magana ta fi tafin da aka yi a makaranta girma. Yaron da aka saba masa da yin shiru kullum, ran da wani babba ya taɓa shi ta hanyar da ba ta dace ba, shiru zai yi. Ran da aka zalunce shi, shiru. Ran da aka tambaye shi dalilin begensa cikin Almasihu, wanda 1 Bitrus sura 3 ta ce mu zauna a shirye mu bayar cikin tawali'u, nan ma shiru. Ba mu so 'ya'yanmu su zama marasa kunya. Amma kunyar da take rufe bakin gaskiya ba daga wurin Allah take ba.

Kashegari muka kira yarinyar muka zaunar da ita. Muka ce, "Mun ji daɗinki ƙwarai. Kin gai da manya kafin ki fara. Kin faɗi abin da kika gani da idonki. Abin da ya fi ƙarfinki kuma ba ki ƙaga ƙarya a kansa ba." Ba mu ce ta fi 'yar wane ba, gama irin wannan yabo shi ne mai kumbura kai. Muka aike ta ta yi wa Kaka godiya, ta yi wa Malama godiya. Akwai wani yaro a ajinsu wanda maganarsa ta ɓace masa ran nan har ya yi kuka. Muka ce kada a ji bakinta cikin masu yi masa dariya. Sa'an nan muka durƙusa tare muka gode wa Wanda ya yi bakin mutum.

Ƙanenta ba mai yawan magana ba ne, ba za mu kuwa auna shi da mudun yayarsa ba. Musa ma ya yi kukan nauyin baki, Allah kuwa bai yashe shi ba, ya haɗa shi da Haruna. Kowane yaro da tasa baiwar.

Roƙonmu ga iyaye ke nan. Ku bar yaro ya ƙarasa maganarsa kafin ku tsawata. Ku ba shi aya ya karanta a addu'ar iyali. In makaranta ta kira iyaye, ku bar gona ko kasuwa na rabin yini ku tafi, gama idon yaro yana neman fuskarku a cikin taro. In ya yi abin kirki, ku gaya masa da bakinku tun yana ƙarami, ku kuma nuna masa Wanda ya cancanci godiya. Allah ya ba mu hikimar renon abin da ya danƙa a hannunmu. Amin.