A bayan Sani na hau bene

Shan inna ta taɓa ni ina ɗan shekara uku, a ƙauyenmu da ke tsakanin Buza da Keita. Ƙasar Adar kuwa dutse ne da kwari, keken guragu ba ya ɗaukar shekara ƙafarsa ba ta karkace ba. Jakin babana ne ya kai ni lakwal. Azuzuwanmu na kara ne, babu dakali balle tudu, sai in ja jiki in shiga in zauna a kan yashi kamar kowa. Ikon Allah, ajin talauci ya fi karɓata fiye da ginin siminti.

A Madawa na yi lise, wurin ƙanen babana mai sayar da albasa. Da na samu bak na tafi jami'a a wani birni, ranar farko aka ce ajinmu yana bene. Na tsaya gindin matakala ina kallo, har wani yaro, Sani, ya durƙusa ya ce, "Hau, ɗan'uwa, mushe ya shiga." Shekara uku bayansa ne hanyata. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, ni ma babu darasi. Bayi kuwa, ban faɗa wa kowa ba, amma na daina shan ruwa da safe.

Sai a shekara ta biyu na san akwai doka. Tun ranar 2 ga Maris 1993 Nijar ta kafa dokar kare naƙasassu, har ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. A 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 24 ya ambaci karatun jami'a ƙarara. Na ɗauki takardar na je ofis. Mutumin ya karanta, ya gyara tabarau, ya ce, "Yarona, ka yi haƙuri, babu kuɗi." Ban nemi a rushe bene ba. Na roƙi a sauko da aji ɗaya ƙasa, abin da alli da jadawali ke iya yi. An ware mini gurbin aiki, an ajiye takardar shaidar samunsa a sama.

An sake wata dokar a Disambar 2019, na riga na gama. Sani yanzu yana koyarwa a wajen Keita. Idan muka haɗu yakan dafa ƙugu ya ce rabin digirin nasa ne, in kawo.