Ƙyashin Rimaye Da Abin Da Ya Koya Mini

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sam mini ɗan fili in ba 'yan'uwa masu karatu labarin wata tafiya da na yi zuwa Rimaye, ta ƙasar Kankiya, da abin da na ƙaru da shi.

Da kaka na tashi daga Katsina don in gai da wani wana da ke zaune can. Na sauka Kankiya, na sake mota, muka bi ta tsakanin gonaki, dawa ta sunkuyar da kai, ana ta ɗaurin gero, mata na roron gyaɗa. Na isa da la'asar sakaliya, aka yi mini maraba irin ta mutanen karkara, fura tun ban zauna ba.

Da dare aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, kusa da turken awaki. Ban ji kukan sauro ba, saboda haka na ƙi ɗaura gidan sauro. Kafin asuba hannuwana sun yi ruɗu-ruɗu. Da na yi ƙorafi, wana ya yi dariya ya ce, "Ai ƙyashi ne, Malam. Shi ba ya sallama."

Da gari ya waye ɗansa, yaro ɗan shekara tara, ya kawo mini ruwa. Sai na ga wani gyambo a damtsensa, kamar faɗin kwabo, bakinsa ya tasa, tsakiyarsa ta lotsa. Uwar ta ce wata huɗu ke nan, ya fara kamar ƙurji, ba ya zafi, an sha shafa magani bai ƙafe ba. Har an fara cewa sammu ne. Na lallashi wana muka kai shi asibiti. Likita ya kankari bakin gyambon, ya duba a madubinsa, ya ce cutar Leshmaniya ce, kuma ƙyashi ke kawo ta. Daga bakinsa, da abin da na bincika daga baya, na samu abin da zan faɗa muku.

Ƙyashin nan tsawonsa bai wuce milimita 3 ba. Macen ce ke cizo, daga magariba zuwa asuba. Ba ya ƙwai cikin ruwa kamar sauro. Ƙasa mai laima da juji yake so, ya kan ɓuya a ramin ɓera, da suri, da tsagar bango. A ƙasashenmu na yamma ya kan sha jinin ɓeran daji mai ɗauke da ƙwayar cutar, sa'an nan ya ciji mutum. Bayan makonni ko watanni gyambo ya fito, ya daɗe, in ya warke ya bar tabo har abada. Ku tuna da yarinya in ya fito mata a kunci.

Cutar ba baƙuwa ba ce. Sunanta daga Leishman ne, likitan sojan Ingila wanda ya bayyana ƙwayar a 1903. A 1911 wani likitan Faransa, Stevenel, ya ba da labarin irin wannan gyambo a ƙasar Damagaram. A 1921 aka tabbatar a Aljeriya ƙyashi ne ke yaɗa shi. Akwai kuma wata irinta mai kama saifa da hanta, ana ce mata kala'azar, wadda in ba magani kusan duk wanda ta kama sai ya mutu. Tsakanin 1984 da 1994 ta kashe mutum wajen 100,000 a kudancin Sudan.

To, ga inda maganar take. Na tambayi likita, mutum nawa ƙyashi ke cizo a gari kamar Rimaye? Ya ce abin da ya kamata a fara aunawa ke nan, domin wanda bai san zurfin rijiya ba ba ya yanka igiyar guga.

Hanyar auna ta dā ita ce kama ƙyashin. A kan shafa wa takarda man zurma a kafa ta bakin ramin ɓera, ko a rataya tarko mai fitila, da safe a ƙirga. Wannan ya kan nuna yawan ƙyashi, amma ba ya nuna wa ya ciza. Wata hanyar kuwa, mutum ya zauna da ƙwauri a buɗe ana kama duk wanda ya sauka, ka ga an miƙa shi ga cutar ke nan.

Sabuwar hanya abin mamaki ce. Duk sa'ad da ƙyashi ya yi cizo ya kan tofa yawunsa don jini kada ya daskare. Jiki kuwa ya kan ƙera garkuwa ta musamman don yawun nan, ta zauna cikin jini. In cizo ya yawaita ta yawaita, in ya daina ta dusashe. Ashe jinin mutum littafi ne, yana riƙe da lissafin cizon da mai shi ya manta. A 2012 masana a Tunisiya suka gano sinadarin yawun da jinin mutane ya fi ganewa, har ana haɗa irinsa a ɗakin bincike. A Indiya da Nefal an raba gidajen sauro masu magani a wasu ƙauyuka, aka auna jinin mutane, sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna cizon ya ragu, amma kaɗan ƙwarai. Da ba a auna ba, da an yi ta murna a banza.

Kada kuma a ce awon gari ɗaya ya wadatar. A ƙasar Segu ta Mali, rahoton 2009 ya nuna cikin ɗari mutum 45 sun taɓa kamuwa a Kemena, amma a Sugula, maƙwabciyarta, 20 ne kawai. Saboda haka lissafin Kankiya ba zai tsaya wa Rimaye ba, na Rimaye kuma ba zai tsaya wa Kusada ba.

Roƙona uku ne. Na farko ga hukumomin lafiya: a kafa tarko, a auna jini, a rubuta kowane gyambo da ya ƙi warkewa. Na biyu ga malamai da akawuna da limamai: ran da ma'aikata suka zo neman ɗigon jini, ku ne za ku yi wa jama'a bayani, kada jita-jita ta riga ku, kuma ku nemi a dawo a faɗa wa mutane abin da aka gani. Na uku ga magidanta: a liƙe tsagar bango, a nisanta juji da turke daga wurin kwana, a toshe ramukan ɓera, yara su kwana cikin gidan sauro mai magani ko da ba a jin kukan sauro.

Yaron wana ya sha allurai, gyambo ya ƙafe, tabo ya zauna. Da zan taso uban ya raka ni bakin hanya, ya ce da ya sani tun watan farko ya kai shi. Allah Ya kiyashe mu da ƙyashi, na dawa da na zuci, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naku,
Wani Malamin Makaranta,
Katsina.