Ziyara A Monrobiya: Ɗakin Ibadar Da Ya Zama Ɗakin Jinya

Daga filin jirgin sama na Roberts zuwa tsakiyar Monrobiya, babban birnin ƙasar Laberiya, tafiyar kamar mil 35 ce. Baƙo yana fitowa zai ji iska mai ɗumi da danshi ta buge shi, domin filin yana kusa da teku, kuma maƙwabcinsa shi ne babbar gonar roba ta kamfanin Firestone wadda aka kafa tun 1926. Wannan hanya na bi, amma abin da ya kawo ni shi ne in ga wuraren da aka yi fama da annobar Ebola a 2014, musamman asibitocin 'yan Mishan waɗanda aka sha jin sunayensu a rediyo a wancan lokaci.

Ba mu yi nisa da filin jirgin ba sai direba ya karkata zuwa wani wuri da ake kira Disco Hill. Maƙabarta ce da aka buɗe a watan Disamba, ƙarshen shekarar annoba, watau 2014. Kafin a buɗe ta, gwamnatin Shugaba Ellen Johnson Sirleaf ta ba da umurni tun watan Agusta cewa a riƙa ƙone gawarwakin Monrobiya, saboda gawar mai Ebola ta fi mai rai saurin baza cutar. Wannan doka ta yi wa jama'a ciwo ƙwarai, Kirista da Musulmi, har wasu suka riƙa ɓoye marasa lafiyarsu a gida don gudun wuta. Da aka samu wannan fili aka raba shi, sashen Musulmi daban na Kirista daban, sai hankalin mutane ya kwanta. Na tsaya ina duban kaburbura a jere, na tuna cewa a Laberiya kaɗai cutar ta kashe mutum fiye da 4,800, a ƙasashe uku kuwa, wato har da Gini da Saliyo, fiye da 11,000.

Daga nan muka miƙe zuwa Paynesville, unguwar da ke bakin Monrobiya ta gabas. A nan ne harabar ELWA take, a gaɓar teku, cikin inuwar itatuwan kwakwa. Dattawan Jos da Kano ba za su ji sunan nan baƙo ba, domin Mishan ɗin SIM, wanda ya fara aiki a ƙasarmu tun 1893 kuma daga cikinsa cocin ECWA ya fito, shi ne ya kafa gidan rediyon ELWA a 1954, ana kuwa jin shirye-shiryensa har da Hausa. A 1965 aka ƙara asibiti a harabar.

Sa'ad da annoba ta ɓullo, Laberiya ba ta gama farfaɗowa daga yaƙin basasar da ya ƙare a 2003 ba. Likitocin ƙasar ba su wuce kamar 50 ba, alhali jama'arta sun haura miliyan 4. Shugaban likitocin ELWA, Dokta Jerry Brown, ɗan ƙasar ne, ya ga alamar abin da ke tafe tun cutar tana can arewa kan iyakar Gini. Da ya rasa ɗakin keɓe masu cuta, sai aka kwashe kujerun ƙaramin ɗakin ibada na asibitin, aka jera gadaje 'yan kaɗan a ciki. A watan Yuni mara lafiya na farko ya iso. Ba da jimawa ba ɗakin ya cika, aka koma ginin da aka shirya domin dafa abinci da wanki na sabon asibiti. Daga baya ƙungiyar likitoci ta MSF ta kafa babban sansanin jinya a filin harabar, mai gadaje kamar 250.

A ƙarshen watan Yuli cutar ta kama Amurkawa biyu masu aiki a nan, Dokta Kent Brantly na ƙungiyar Samaritan's Purse da Nancy Writebol ta SIM. Aka ba su wani maganin gwaji mai suna ZMapp, aka ɗauke su a jirgi na musamman zuwa asibitin Emory a birnin Atlanta, duka biyu suka warke. Gaskiyar magana ita ce, sai a lokacin ne manyan ƙasashe suka waiwayo da gaske, ko da yake 'yan Afirka sun yi watanni suna mutuwa. Da aka janye yawancin Turawan Mishan, Dokta Brown da ma'aikatan jinya da masu shara da masu feshin magani, 'yan ƙasa, su ne suka ci gaba da riƙe ɗakin, cikin rigunan roba masu zafin da mutum ba ya iya daɗewa a ciki.

Washegari na shiga gari zuwa asibitin St. Joseph na 'yan Katolika. Labarin nan ya fi ɗaci. Shugaban asibitin, Patrick Nshamdze, mutumin Kamaru, ya rasu a farkon watan Agusta na 2014, kuma waɗanda suka yi jinyarsa suka kamu. Aka ɗauki Fada Miguel Pajares zuwa Madrid, ya rasu a can ran 12 ga wata. Abokan aikinsa 'yan Afirka da suka kamu kuwa aka bar su a Monrobiya. Chantal Pascaline ta ƙasar Kwango da George Combey na Gana suka rasu. Ɗaya daga cikinsu, Paciencia Melgar ta ƙasar Ikwatoriyal Gini, ta yi jinya a ELWA ta warke, sa'an nan ta tafi Sifen ɗin da ba ta ɗauke ta ba, ta ba da jininta domin a yi wa wata ma'aikaciyar jinya magani. An rufe asibitin na 'yan watanni, aka sake buɗe shi kafin shekarar ta ƙare.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin nesa ne. Daga Monrobiyan nan Patrick Sawyer ya hau jirgi ya sauka Ikko ran 20 ga Yuli, 2014. Dokta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ta kamu, ta rasu ran 19 ga Agusta. Mutum 8 muka rasa kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta wanke Nijeriya ran 20 ga Oktoba.

Da yamma na koma bakin teku a ELWA, na ga sabon asibitin da Samaritan's Purse ta gina aka buɗe a 2016. Kuɗi da kayan aiki daga waje sun taimaka, babu mai musun wannan. Amma ranar da mara lafiya na farko ya iso ƙofa, babban agajin ƙasashen waje bai iso ba tukuna. Abin da ya tarar shi ne asibitin da ya yi kusan shekara 50 a wurin, da ma'aikatan da jama'a suka sani suka amince da su. Ya kamata hukumominmu da ƙungiyoyin addini, na coci da na masallaci, su duba ƙananan asibitocin da ke hannunsu yanzu, su tambayi kansu wane ɗaki za su buɗe, kuma wa zai tsaya a ciki, idan irin wannan rana ta zo. Allah Ya kiyaye mu.