Neman Dutsen Kwatarkwashi Daga Tagar Jirgi

'Yar uwa, idan kin taɓa bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau, kin san yadda dutsen Kwatarkwashi yake tarbar matafiyi bayan an wuce Tsafe. A gindinsa aka haife ni. 'Yata kuwa shekararta shida, a Abuja ta tashi, ba ta taɓa ganinsa ba sai a waya, saboda halin da hanyar take ciki ya sa babanta ya ƙi yarda in bi da ita ta mota. Da bikin ƙanwata ya kai mu Sakkwato ta jirgi, sai na ƙudura ko daga sama ne sai na nuna mata dutsen garinmu.

Ga abin da na koya wajen zaɓen kujera, ko zai yi miki amfani.

Fara da sanin inda jirgin ya dosa. Daga Abuja zuwa Sakkwato arewa maso yamma ake yi, don haka Gusau da Tsafe da Bunguɗu suna hannun dama, a dawowa kuma su koma hagu. A jirgi mai kujera shida a jere, A ce tagar hagu, F ta dama. Ki zaɓa tun wajen sayen tikiti, ko ki je da wuri ki roƙa a kanta.

Sai rana. Da safe tana gabas, wato tana dukan tagar dama idan an nufi arewa, ba abin da za ki gani sai ƙyalli. Shi ya sa na ɗauki jirgin la'asar, rana ta koma hagu tana haska mana ƙasar da muke kallo.

Ki guji layukan tsakiya, fiffike zai rufe miki komai. Gaba ko can baya sun fi. Layin ƙofar gaggawa kuma ba a zaunar da yara a wurin. Lokaci ma yana da tasiri: daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ne ke rufe ƙasa, amma a Oktoba, damina ta ɗauke, ƙasa na nan kore shar.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, bari in ƙara biyu. Mai goyo ta ba jariri nono lokacin tashi da sauka, haɗiya tana rage masa ciwon kunne. Mai juna biyu kuwa, idan tafiyar mai nisa ce kamar ta Saudiyya, ta haƙura da taga ta zauna bakin hanya, don ta riƙa tashi tana motsa ƙafa.

To, mun ga dutsen? Bayan tashi kaɗan mun hango ruwan dam ɗin Shiroro yana sheƙi. Daga nan sai gonaki da rafuka da duwatsu birjik, kowanne kamar ɗan curin dawo. Hanyar jirgin ta yi yamma da Gusau sosai, ban iya ware namu ba. Yarinya ta manna goshi a gilashi ta nuna wani, ta ce, "Umma, wancan ne?" Na so in ce eh, amma na ce mata, "Namu ya fi wannan, sai kin tsaya a ƙasansa kin ɗaga kai."

Na yi shiru ina tunanin ƙauyukan da muke ƙetarewa cikin awa guda, alhali mutanensu na fargabar zuwa gona. Daga sama komai lafiya lau yake.

Ki nemi tagar, ki ba yaro ya zauna a jikinta, ki gaya masa sunayen garuruwan da ke ƙasa. Ni dai na yi wa tawa alkawarin ganin dutsen da ƙafarta a ƙasa. Allah Ya ba Zamfara zaman lafiya, Ya ba ni ikon cikawa.